Bappanmu Mai Katakon Yanka

Da aka fita da gawar Bappa, gidanmu na unguwar Makama a Yola ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan mata suka fara shigowa. Na ɗauka na san duk wanda zai zo mana gaisuwa: dangi, maƙwabta, iyalan tsofaffin abokan aikinsa na gandun daji. Ashe ko rabinsu ban sani ba.

Wata mai sayar da abinci a tashar Jimeta ta shigo zaninta yana warin hayaƙi, ta durƙusa gaban Dada, matar Bappa, ta ce, "Mama, sannu da haƙuri. Nawa yana nan, har tsakiyansa ya lotsa." Dada ta gyaɗa mata kai. Bayanta wata tsohuwar nas ta zo, ta cire tabarau ta share ido, ta ce nata ta ba 'yarta ranar da za a kai ta gidan miji a Jalingo, 'yar kuma ko aro ba ta bayarwa. Goggo, ƙanwar Bappa, wadda ta fi kowa yi masa tsiya yana da rai, tana jingine da bango ba ta amsa gaisuwar kowa. Can sai ta ce, kamar da kanta take magana, "To yanzu wa zan yi wa faɗa?"

Wata amarya da aka kawo unguwar ba da jimawa ba ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "Adda, wai mene ne wannan da kowa ke cewa nata yana nan?"

Na ce mata katakon yanka ne, wanda ake ɗora nama ko albasa a kai. Ta dube ni kamar ba ta yarda za a yi wa mutum irin wannan kuka saboda katako ba. A ranar ban iya yi mata bayani ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani, kada ya bi shi kabari.

Bappa yayan mahaifina ne. Shi da Dada Allah bai ba su haihuwa ba, sai Baba ya ba su ni tun ina ƙarama, a hannunsu na tashi har aka kai ni ɗakina a Jimeta. Dogo ne siriri, mai farin gemu, ba ya saurin tafiya kuma ba ya saurin magana. Fulatanci yake yi da Dada, idan ya juyo Hausa kuwa, Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba. Har na yi aure na haihu, "kai" yake ce min. Ya yi rayuwar aikinsa a dazuzzukan kudancin jiha yana hana mutane sare itatuwa, ya dawo gida bayan ritaya da tsohon kekensa da wata jaka cike da kayan sassaƙa da ba wanda ya san abin da zai yi da su.

Wata Babbar Sallah ce ta nuna mana. Dada da Goggo suna yankan naman layya irin yadda muka saba, ɗaya ta riƙe wannan gefe, ɗaya ta ja wancan, wuƙa a tsakani. Wuƙar ta zame ta shiga tafin hannun Dada. Sai da aka yi mata ɗinki, ta ƙarasa Sallar nan hannunta a naɗe. Bayan Sallah Bappa ya hau keke ya tafi gonarsa ta Mbamoi, inda wata bishiyar kirya ta daɗe da faɗuwa, ya dawo da guntunta a ɗaure a baya.

Katakonsa na farko kam, Allah Ya jiƙan Bappa, muni gare shi. Ga kauri, ga nauyi kamar murfin rijiya. Goggo, wadda take ce wa Bappa Hamma, wato yaya, ta ɗaga katakon da kyar ta ce, "Hamma, allo ka sassaƙa mana mu koma makaranta? Tun kaka da kakanni da hannu muke yanka."

Ya ce, "Wuƙa bai san hannun mai shi ba."

Dada ta karɓa don kada ta kunyata shi, ta mai da shi abin zama a bakin murhu. Sai wata rana da ba kowa a gida ta gwada yanka kaza a kai. Tun daga nan ba ta ƙara neman mai riƙe mata nama ba. Goggo kuma, bayan duk tsiyar da ta yi, ita ce ta fara aiko jikanta wai a tambayi Hamma ko akwai ragowar icen.

Da haka abin ya zama sana'ar da ba ta ciniki. Ya kafa rumfar kwano a bayan gida kusa da turken tumaki. Ba ya taɓa ice mai rai. Wanda iska ta kayar, ko wanda aka sare don gini aka yar, shi yake bi. Ya fi son kirya da ƙawo da mangwaro. Darbejiya kuwa, duk yawanta a Yola, ya ce ba za ta shiga kicin ɗin kowa da hannunsa ba, don ɗacinta yana bin nama. Idan ya kawo ice sai ya tsaga shi ya jingine a inuwa, damina ta wuce, rani ya wuce, bai waiwaye shi ba. Sannan ya sa zarto ya yanka, ya daidaita da gizago, ya zauna da samfefa yana gogewa, ya yayyafa ruwa ya bari ya bushe, ya sake gogewa, har sai ya shafa a kumatunsa bai ji kaushi ba. Ba ƙusa, ba fenti. A ƙarshe ya narka man kaɗe da kakin zuma a wani tsohon gwangwani, ya mulke katakon ciki da bai, ya huda ƙaramin rami a kai ya zura igiyar ratayewa. Har yau in na ji ƙanshin man kaɗe a wuta, tarinsa nake jiran in ji daga rumfa.

Yana cewa atamfa tana koɗewa, nama kuma a ranar ake cinye shi, amma abin da mace za ta taɓa kullum da safe, shi ne kyauta. Kuma ba ya bayarwa hannu sake. Sai ya tsaya ya yi huɗuba: kada a jiƙa shi a ruwa, kada a shanya shi a rana, a goge da gishiri da lemon tsami bayan an yanka kifi. In ya zo gidanki ya tarar kin bar shi cikin bahon wanke-wanke, zai tsamo shi da kansa ya goge da bakin rigarsa, ba zai ce miki uffan ba, ke ce za ki rasa inda za ki sa kanki.

Sau biyu yake rabo a shekara. Gab da Babbar Sallah ya bi gidajen dangi da 'yan unguwa, ya fi duba sababbin amare da matan da mazansu suka rasu. Gab da Kirsimeti kuma ya cika buhu ya haye Jimeta, wajen iyalan mutanen da suka yi aiki tare a daji. Wani maƙwabcinmu ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci, ya kira shi Modibbo, wato malam, ya ce, "Modibbo, wannan kyautar Kirsimeti da kake kaiwa, anya kuwa?"

Bappa ya ce, "Ni ƙofan kicin nake zuwa. Shinkafan da suke aiko mana ranar, na ga kai ma kana sa hannu."

Gidan da yake fara sauka a Jimeta kullum ɗaya ne, gidan wanda muke kira Baban Nassarawo, da sunan unguwar da yake zaune. Mutumin wajen Numan ne, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji da babbar dariya. Tare aka ɗauke su aiki, tare suka kwana a bukkoki a dajin Ganye. Bappa yana ba mu labarin yadda mutumin nan yake tashinsa da asuba yana cewa, "Sobajo, tashi kar ka makara," ya koma ya ja bargonsa. Ba sa kiran juna da suna, sai "Sobajo", wato aboki da Fulatanci. Matarsa, Maman Nassarawo, ita ta ɗaura min zanin farko da na haihu. Babban ɗansu kuwa a kafaɗar Bappa ya girma, shi ma Bappa yake ce masa. Ya zama malamin makaranta, aka tura shi can arewacin jiha, ya yi aure, matarsa ta haifa masa tagwaye mata. Katakon da Bappa ya yi wa amaryar nan, na ga ya fi ɓata lokaci a kansa fiye da nawa, har na yi ƙorafi.

Sai shekarar gudu ta zo. Duk wanda yake Yola a lokacin ya san abin da nake nufi. Garuruwan arewa suna faɗawa hannun 'yan bindiga ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kwararowa a motocin kaya da a ƙafa, wasu ta kan duwatsu, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru. Kowane gida ya cika. Namu na Makama har rumfar Bappa sai da aka shimfiɗa tabarmi a ciki saboda dangin Dada da suka zo daga Mubi.

Surukar Baban Nassarawo ta iso da tagwayenta, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage. Mijinta ba ya tare da ita. Sun fito tare, sai ya tuna da wani tsoho maƙwabcinsu da ba ya iya tafiya, ya ce ta ci gaba zai cim mata. Aka yi ta jira, ana buga wayarsa ba ta shiga. Daga baya wani da ya tsira ya zo ya faɗi abin da ya gani a bakin hanya. Ba a sami gawa ba, ba a yi jana'iza ba, sai addu'a kawai aka yi a coci.

Ni na raka Bappa gaisuwa. Mun tarar da falo cike, Baban Nassarawo yana zaune a kujerarsa, ya rame kamar ba shi ba. Bappa ya cire takalmi ya shiga, ya miƙa masa hannu. Bai karɓa ba. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Ka zo ka ga aikin mutanenku?"

Maman Nassarawo ta dafe baki.

Bappa ya ce, "Sobajo..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan suna."

Bappa ya tsaya jim, hannunsa yana miƙe. Sannan ya mai da shi aljihu, ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri," ya fita. A ƙofa na ga ya kasa zura ƙafarsa a takalmi, sai da na durƙusa na sa masa. A cikin keken haya da ya mai da mu, yana ta kallon hanya, leɓensa yana motsi.

Da Baba, mahaifina, ya ji labari ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya zo har rumfa ya same shi. "Hamma, mu ba a kashe namu ba ne? Ɗan 'yar'uwar Dada a masallaci aka harbe shi. Mutumin da kuka ci kwano ɗaya shekara da shekaru, shi zai dube ka ya faɗi haka?"

Bappa ya ce, "Wanda ɗansa ya mutu bai ga gawa ba, ba a auna maganansa."

Disamba ta kama gari cikin tsoro. An hana babura, ko'ina shinge, kasuwa ana bincike, masallaci ana bincike, coci ana bincike. Leda kawai mutum zai ajiye a gefen hanya a watse. Cikin wannan hali Dada ta kira ni a waya ta ce Bappanki ya janye tabarmin baƙi gefe ya koma samfefa. Baba ya sake zuwa, wannan karon da ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi wa yayansa ba. Ya ce tsoho mai gemu da buhu a kafaɗa a unguwar coci, ai neman mutuwa ne, kuma wanda za a kai wa ya riga ya kore shi. Ya ce in ya fita da buhun nan, to kada a kira shi in wani abu ya faru. Bappa ya bari ya gama, ya ce, "Na ji." Washegari, jajibirin Kirsimeti, ya ɗaure buhunsa.

Ya biyo ta gidana da hantsi ya sha ruwa. Na ce zan bi shi. Ya ce, "Kai kana da yara." Na ce ai shi ya sa ba zan bar kakansu ya tafi shi kaɗai ba. Bai ƙara musu ba.

Mai keke ya sauke mu a bakin layi, don an gindaya duwatsu da tayoyi saboda cocin da ke tsakiyar layin. Samari suna tsaye da sanduna, ga wani mai kaki da bindiga a gefe. Mata suna ta shige da fice da kaji da robobin cincin. Bappa ya saɓa buhu ya nufi shingen da tafiyar nan tasa ta a hankali. Buhun yana da nauyi, kusurwoyin katako sun turo ta jikinsa.

Wani saurayi ya daka tsawa. "Baba, tsaya nan! Kar ka matso! Ajiye!"

Kafin in buɗe baki layin ya hargitse. Wata ta jefar da tirenta ta suri ɗanta, kaji suka watse, aka rufe ƙofofi. Mai kakin ya ɗaga bindiga ya saita ƙirjin Bappa. Na ji ƙarar da ƙarfen ya yi. Ina ihu ina cewa katako ne, wallahi katako ne, amma muryata ba ta fita yadda nake so.

Bappa ya sauke buhun a hankali, ya zauna a ƙasa dirshan da farar rigarsa, ya ɗaga tafukansa suka gani. Ya ce, "Zan kwance. Ku duba hannuna." Ya kwance igiyar, ya zaro katako ɗaya ya ajiye a kan ƙasa, ya zaro wani ya jera kusa da shi, haka har buhun ya zama wayam, ya juye shi ya kakkaɓe. Katakan suna ta ƙyalli a rana, ƙanshin man kaɗe ya tashi.

Wata dattijuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Yesu! Ai Baba mai katako ne! Ku sauke wannan abu, ku sauke!"

Mai kakin ya sauke bindiga, goshinsa sharkaf da gumi. Saurayin ya zo ya durƙusa yana tattara katakan. "Sori Baba, ka yi haƙuri, ba mu gane ka ba."

Bappa ya ce, "Aikinku kuke yi. Gobe ma in na zo, ku duba."

Maman Nassarawo ce ta buɗe mana ƙofa. Da ta ga ƙasa a rigarsa ta fahimci abin da ya faru, ta kama hannuna ta matse. Ta waiwaya wajen falo, labule a sake. Bappa ya sauƙaƙa mata. Ya ce, "Ba wajensa na zo ba. Ina yarinyan?"

Surukar tana bayan gida a tsugune, tana yanka albasa a kan murfin tukunya, tagwayen suna riƙe da zaninta. Tun da ta iso, in ji Mama, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma cika magana ba, aiki kawai take yi kamar inji. Bappa ya zaɓo wani katako na ƙawo, ya sunkuya ya miƙa mata.

"Ka bar naka a can," ya ce. "Ga wani."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta juya shi, ta shafa igiyar, ta kai shi hanci. Sai ta rungume shi a ƙirji ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji ba, tana cewa a jikin ƙusa ta bar shi, a bayan ƙofar kicin, mijinta ne ya kafa mata ƙusar. Mama ta zube kusa da ita ta riƙe ta. Bappa yana tsaye hawaye yana bin gemunsa.

Daga falo muka ji muryar Baban Nassarawo. "Ku ce masa ya tafi."

Muka tafi. Ya ƙarasa rabonsa a sauran gidaje, na sa shi a keke ya koma Yola kafin la'asar.

Na so in ce daga ranar komai ya daidaita, amma ba haka aka yi ba. An ɗauki shekaru. Baƙinmu suka koma garuruwansu, shingaye suka ragu, tagwaye suka shiga makaranta, uwarsu ta sami aikin koyarwa. Duk Sallah Bappa yana aika cinyar rago Nassarawo, Mama ta karɓa. Duk Kirsimeti yana zuwa, ya tsaya a tsakar gida ya gaisa da mata, ya dubi labulen falo, ya juya. Bai taɓa aika kowa biko ba, bai kuma yarda a zagi mutumin a gabansa ba. Sai dai ya rage dariya, kuma labarin dajin Ganye ya fita daga bakinsa.

Wata damina aka yi iska mai ƙarfi da ta kwashe rufin gidaje a Jimeta. Bayan kwana kaɗan, ina Makama na kai wa Dada magani, sai muka ji a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa. Baban Nassarawo ne yake saukowa da sanda, kansa ya yi fari fat, a bayan motar ga gungumen mangwaro an daddatsa. Na ruga rumfa na faɗa wa Bappa. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya fito ba takalmi.

Suka tsaya suna duban juna. Baban Nassarawo ya nuna icen da sandarsa.

"Na tsakar gida ne. Iska ya kayar. Yaron ne ya shuka, yana firamare. Sun ce a faskara a yi girki. Ba zan iya ba."

Bappa ya matsa ya dafa gungumen, ya ƙwanƙwasa, ya duba tsakiyarsa. "Ɗanye ne. Sai ya sha iska. Sai baɗi."

"To zan riƙa zuwa ina duba shi."

"Ƙofa a buɗe yake."

Haka ya riƙa zuwa duk Asabar, wai duba ice. Su zauna a rumfa, Dada ta aika musu da fura, su yi hirar ruwan sama da ciwon gwiwa. Ranar da icen ya bushe aka fara yanka, ina wajen. Baban Nassarawo ya riƙe ƙarshen katakon, Bappa yana jan zarto. Sai Baban Nassarawo ya ce, "Maganan da na faɗa maka ran nan..."

Bappa ya ce, "Riƙe da kyau, yana motsi."

"A'a. Tsaya. Sai na faɗa." Ya saki katakon. "Na zalunce ka. Na rasa wanda zan kama, kai ne kusa, na kama ka."

Bappa ya ajiye zarto. Sannan ya ce, "Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ni ma ɗana ne, ka hana ni kuka a gidanka. Amma ya wuce, Sobajo."

Na tashi na ba su wuri.

Daga mangwaron nan suka fitar da na Mama, da na surukar, da na Dada, da wasu ƙanana guda biyu da aka naɗe a zani aka ajiye wa tagwaye har su girma. A Kirsimetin shekarar, su biyu suka yi rabo, ɗaya da buhu ɗaya da sanda, suna tafe suna gardamar wanda ya fi iya shafa mai.

Baban Nassarawo ya riga shi tafiya. Bappa ya bi gawar har ƙauyensu na wajen Numan, ya zauna a gindin wata tsamiya har aka fito daga coci, ya bi su makabarta ya zuba ƙasa da hannunsa. Bayan nan hannun ya fara rawa, zarto ya gagare shi. Ya koma gyaran tsofaffi: mata su kawo nasu da ya yi zane-zanen wuƙa, ya goge musu, ya sake shafa mai, ya sake yi musu huɗubar ruwa da rana.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi ana saura 'yan makonni Babbar Sallar bana. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar Baba, ƙanin nan nasa da ya taɓa cewa kada a kira shi. Shi ya laƙƙana masa kalmar shahada.

Surukar Baban Nassarawo ba ta sami zuwa gaisuwa ba, don an mai da ita wata makaranta a Ganye, labarin bai same ta da wuri ba. Ranar Sallah Baba ya yanka ragon da Bappa ya bari a turke. Dada tana ɗaki cikin takaba, Goggo ba lafiya, ni kaɗai ce a tsakar gida da tulin nama a gabana. Na ɗauki wuƙa na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Sai na ji sallama. Ita ce, da tagwayenta da suka zama 'yanmata, ko jakar tafiya ba su sauke a gida ba. Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta gaida Dada, suka daɗe. Da ta fito ta tuɓe mayafi, ta ɗaure zaninta tamau, ta jawo kujera kusa da ni, ta zare wuƙar daga hannuna.

"Adda, matsa," ta ce. "Ke kin yi kukanki. Ni ban yi nawa ba tukuna, bari in yi shi ina aiki."

Na matsa mata. Ta yi ta yanka tana kuka, 'ya'yanta suna ɗiba suna kai wa wuta, har muka gama ragon nan kafin azahar.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci. Allah Ya ba Dada haƙurin zaman ɗakin da ba shi. Mu kuma da muka saura, Ya sa mu iya zama da juna. Amin.